Inda Numfashi Yake Zuwa

Tela ta riga ta jawo rabin duron har bakin ƙofa kafin Malam Zarra ya buɗe ido. Duron cike yake da ƙasa mai danshi, itacen lemun tsamin da ke cikinsa kuma ya ɗan fi ta tsawo. Ja take yi tana hutawa, gindin duron yana kartar siminti, ganyaye suna shafar fuskarta da wannan ƙamshi nasu mai kama da na sabon sabulu. Da ta ɗago don ta miƙe ƙugu sai ta ga tsohon yana kallonta daga kan gado, robar oksijin a hancinsa. Ya ɗaga hannun hagu, wanda ciwon ya bar masa, yatsunsa suna motsi a iska.

"Sannu, Baba," ta ce. "Yanzu za ka ji iska ta wadace ka. Ba sai ka gode ba."

Leɓensa ya motsa, amma maganar ba ta fito ba. Tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta zama masa abin tsada, sai ya tara ƙarfi tun safe kafin ya furta kalma biyu. Tela ta gyara masa matashi, ta mayar da hannun nasa ƙarƙashin bargo, sannan ta koma ta ƙarasa jan duron zuwa saman matattakala, inda mutanen gidan suke ajiye tarkacen da suke jin kunyar zubarwa. Ta dawo tana haki, zuciyarta fari ƙal, tana ganin yau ta yi abin da ɗaliba ta gari za ta yi wa malaminta.

Ƙofarta da tasa suna kallon juna ne a hawa na biyu na wani gidan haya. Ita ɗinki take yi, kekenta na bakin taga, shi ya sa kowa a gidan, har da mijinta in yana son tsokana, Tela yake ce mata. Shi kuma tsohon malamin kimiyyar sinadarai ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da 'yan shekarar farko, masu son zama likitoci da masu jinya da masu nazarin halittu, waɗanda duk suke zuwa ajinsa da ɗaurarriyar fuska suna tambayar me ya haɗa su da sinadarai. Sunan Zarra ɗalibansa ne suka laƙaba masa, ya bi shi har gida, saboda ko hirar tsadar albasa aka ɗauko, in dai yana wurin, a kan ƙwayar zarra za a sauke ta.

Tela ta doshi arba'in lokacin da ta ce ita fa sai ta shiga makarantar koyon jinya. Dangi suka yi dariya, ta bar su da haƙoransu. Ilimin halittu ya zauna mata daram, tana iya zana zuciya da jijiyoyinta kamar tana yanka rigar yaro. Takardar sinadarai ce ta tsaya mata a wuya, ta kayar da ita ba sau ɗaya ba. Wata rana Malam ya ji ta tana haddar sunayen sinadarai da ƙarfi tana taka keke, tana yi musu kisan gilla. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da sandarsa.

"'Yata, me sinadaran nan suka yi miki kike yanka su ba bisimilla? Kawo littafin. Ki haɗo da gwangwanin maɓallanki."

Da maɓallan riguna ya koya mata. Jajaye su ne furoton, baƙaƙe niyutiron, ya ɗaure su wuri ɗaya a tsakiya. Ƙananan farare na rigar jarirai su ne ilaktiron, ya zura su a siririyar waya ya lanƙwasa ta zobe-zobe. Kowace zarra suka gama sai Tela ta hau kujera ta rataye ta da zare a silin. Kafin a jima ɗakin Malam ya cika da su. Haidirojin ce 'yar auta, jan maɓalli ɗaya da fari ɗaya, ita ke fara juyawa ko tari aka yi. Kabon da naitirojin da oksijin suna biye da ita. Ta ƙarfe kuwa ta cinye rabin gwangwanin, har wata mai kawo ɗinki ta karɓi rigarta da maɓallai kala uku ta tafi tana mita.

"Kin ga waɗannan huɗun na farko?" in ji Malam, yana nuna su da sanda. "Su ne kusan duk jikinki. Sauran ɗan barbaɗe ne. Allin da nake rubutu da shi da ƙashin ƙafarki, kalsiyam ɗaya ne. Allurar kekenki da jinin da ke fita in ta soke ki, ƙarfe ɗaya ne, 'yan uwan juna ne suke gaisawa."

"To Baba, ni kenan ba komai ba ce sai alli da allura?"

"Da ruwa. Da gawayi kaɗan. Kuma ko su ba naki ba ne, Ɗaliba, aro ne. Zarrar da ke hancinki yau, bara tana jikin wani kifi."

"Ai an ce kayan aro ba ya rufe katara."

"Wannan aron ya rufe, tunda ga ki nan zaune ba a ganin komai."

Haka yake, ba ya magana ba tare da zolaya ba, shi ya sa ba kullum ake gane inda wasansa ya ƙare ba. Tela tana son darasin nan fiye da yadda take faɗa. In ta fito daga ɗakin da yamma sai ta ji jikinta sakayau, domin ya gaya mata kowace zarra kusan duk fili ce wayam, ɗan abin da ke tsakiya bai taka kara ya karya ba. Takan tsaya a matattakala ta danna bango da tafin hannu, tana mamakin yadda fili yake hana fili wucewa.

Kuskuren ya samo asali ne daga littafinta na ilimin halittu. Bayan an sallamo Malam daga asibiti da tulun oksijin, nas ta ce abin da yake buƙata shi ne iska da hutu. Tela tana jinya tana karatu, sai ta zo kan babin numfashi, ta ga an rubuta ɓaro-ɓaro cewa tsirrai ma suna shaƙar oksijin dare da rana, kamar kowane mai rai. Ta ɗaga kai ta dubi itacen lemun da ke kusurwar taga, ganye fal, ta dubi ƙirjin tsohon yana hawa da sauka da ƙyar. Ashe ɓarawon iska suke kwana da shi a ɗaki. Wanda bai yi karatu ba ba zai taɓa zargin itace ba, wanda ya ƙoshi da karatu kuma zai yi dariya. Sai mai rabin littafi a ka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Daga ranar da itacen ya fita Malam ya daina karɓar shayi. Ya juyar da fuskarsa kusurwar, inda gindin duron ya bar zoben tsatsa a siminti, ya kafa masa ido. In an juya shi ɗaya ɓarin sai ya yi ta mutsu-mutsu har a mayar da shi. Tela ta ɗauka ciwon ne yake ƙaruwa, ta ƙara buɗe taga.

Ɗansa ya iso daga garin da yake aiki, dogo, mai saurin tafiya, irin mutanen da in hankalinsu ya tashi sai sun sami abin gyarawa. Ya wanke labule, ya canza ƙwan fitila, ya ɗaure ƙafar gado. Da ya ga masu kawo sabon tulun oksijin suna raɓe-raɓe a matattakala, sai ya sa aka saukar da duron ƙasa.

"Anti, na ba mai furannin nan na bakin titi," ya ce da Tela. "Ya tare hanya, kuma ba mai ba shi ruwa."

"Gara haka," ta ce, ta ci gaba da ninke tawul.

Washegari da hantsi nas ta zo ta duba shi, ta ja ɗan zuwa baranda suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ce zai je kanti, ko da yake ba abin da ya ƙare. Tela ta gane lokaci ya matso. Ta jawo kujera kusa da gado ta buɗe littafi, domin tun yana da lafiya yana son ta riƙa karantawa da ƙarfi yana kama kurakuranta. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan zoben tsatsar. A sama zarrorin maɓalli suna juyawa a hankali, inuwarsu na yawo a bango.

Tana tsakiyar shafi ta ji yatsunsa sun kama gefen zanenta.

"Ɗaliba."

Ta sunkuyo har kunnenta ya kusa taɓa bakinsa.

"Kabon ɗin… da kika fitar… ina yake zuwa?"

Ta kusa yin dariya da hawaye a tare. Mutum yana wannan hali amma jarrabawa yake yi mata. Ta gyara zama kamar yadda ta saba, ta rattabo amsar da ta haddace tun watannin baya.

"In mun ci abinci, jiki yana ƙona shi, kabon ɗin ya haɗu da oksijin mu fitar da shi a numfashi. Ganye ya shaƙe shi ta ƙananan ƙofofinsa. In akwai hasken rana, sai ya haɗa shi da ruwa ya yi sukari, da sukarin yake gina jikinsa. Kai ka ce min itace ba ƙasa yake ci ya girma ba, yawancin katakonsa daga iska ya same shi. Ka ce itace numfashi ne da ya daskare, numfashin duk wanda ya zauna kusa da…"

Ta tsaya.

Ta san wadda ta zauna kusa da itacen. Ita ce fa take kawo mata ruwan zafi. Matar Malam, wadda duk gidan ke kira Mama, ita ta tura ƙwallon lemu a gwangwanin madara a shekarar da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Daga gwangwani aka mayar da shi bokitin fenti, daga bokiti zuwa rabin duro. Duk tsawon shekarun nan Mama tana kan kujerar roba a wannan kusurwa, tana tsefe zare, tana sauraron rediyo, tana yi wa Malam faɗa kan ya bar alli a aljihu an wanke da shi. A nan ta yi dariya, a nan ta yi tari, a nan wata yamma ta sunkuyar da kai ba ta ƙara ɗagowa ba. Bayan rasuwarta Tela ta sha ganin tsohon yana goge ganyayen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, yana magana ƙasa-ƙasa. Ta ɗauka rigimar tsufa ce.

Malam yana kallonta, ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan ya ɗan rufe. Kallon da yake mata ne in ta kusa kamo amsa.

"Baba," ta ce, "garin neman gira na tsone maka ido. Ka jira ni. Don Allah ka jira ni."

Ta buga ƙofar maƙwabciyarsu ta ƙasa ta ce ta hau ta zauna da shi, ta zura silifas ta fita ko gyale ba ta gyara ba.

Titin yana nan yadda yake kullum, amma yau ba haka ta gan shi ba. Hayaƙin motoci yana tashi yana shiga cikin itatuwan gefen hanya. Mai walda yana yanka ƙofar ƙarfe, tartsatsi yana zuba, ta ji jininta yana bugawa a wuya kamar yana amsa masa. 'Yan makaranta sun wuce ta da farin alli a gwiwar hannu. Kowa da ta gifta yana fitar da ɗan wani abu na jikinsa yana shaƙar na wani, mai shago da mai gadi da matar da ke goye da jariri, ba wanda ya san ana wannan musayar da shi. Ta ji kamar in ta ƙara sauri za ta ratsa ta cikin mutane ta wuce. Tsoro ne kawai yake riƙe da ƙafarta a ƙasa, tsoron kada ta dawo ta tarar an rufe masa fuska yana kallon kusurwa wayam.

Mai furanni yana da ɗan fili tsakanin gidan mai da gada, ya jera shuke-shuke a baƙaƙen ledoji. Dattijo ne gajere, hularsa ta jiƙe da gumi. Daga nesa ta hango duron, ta kuma hango almakashin aski a hannunsa. Rassa uku ko huɗu suna kwance a ƙasa.

"Tsaya, bawan Allah. Kada ka ƙara yanka."

Ya dube ta, ya dubi almakashin. "Gyara nake masa, baiwar Allah. Itacen nan a ɗaki ya tashi, dubi yadda ya karkace gefe ɗaya yana neman taga. In na daidaita shi, akwai masu wani otal da suka ce za su zo da mota su ɗauka anjima."

"Na maƙwabcina ne. Kuskure aka yi aka ba ka. Yana can rai a hannun Allah, kuma shi yake nema."

"Itacen yake nema? Ba ɗansa ba, ba likita ba?"

"Matarsa ce a ciki."

Mai furanni ya ja da baya taku ɗaya, ya leƙa ƙasar duron. "A ciki kamar yaya?"

"Ba haka ba," ta ce, dariya ta kufce mata tare da kuka. "Numfashinta. Shekara da shekaru tana zaune kusa da shi. Abin da take fitarwa shi ganye yake sha, da shi ya yi wannan gindin, da waɗannan rassan da ka yanke. Shi malamin kimiyya ne, ya sani. Ni ce ban sani ba, alhali na haddace."

Dattijon ya shafa gindin itacen da babban yatsa.

"Ni dai na san shuka tana sanin mai ita," ya ce. "Tun jiya nake ba shi ruwa yana sunkuyar min da kai. Masu otal su nemi wani."

Ya jawo baro, suka kama duron tare suka ɗora. Tela ta durƙusa ta tsince rassan da aka yanke, har da ganyayen da suka zube, ta ƙulle a gefen gyalenta. Ƙaya ta soke ta a yatsa, ta tsotse jinin, ta ji ɗanɗanon ƙarfe. Shi ya tura baron, ita tana gefe tana tallafe da itacen, suna tafe lemun yana rangaji a tsakiyar titi, masu babur suna kauce musu suna tsaki.

A ƙofar gida suka yi kiciɓis da ɗan Malam, leda a hannu.

"Anti, me ya faru kuma? Ba shi ne muka fitar ba?"

"Kama nan, ƙanena. In mun hau zan yi maka bayani. Yana nan dai?"

"Yanzu na leƙa. Yana nan."

Su biyu mazan suka ɗauki duron, mataki bayan mataki, suna nishi, ƙasa tana zubowa a takalmansu. Tela tana gaba tana kare rassan daga bango. Da suka shiga ɗakin ta nuna musu zoben tsatsa, suka sauke duron a kansa, ya zauna cif. Ta juya shi har ɓarin da ya karkace ya fuskanci taga yadda ya saba. Sannan ta ce su tura gadon kusa, suka tura har wani reshe ya sauko kan matashin.

Malam ya daɗe yana kallon itacen, daga gindi zuwa sama, ya tsaya a wuraren da almakashi ya bar fararen tabo. Tela ta kwance gyalenta ta sa masa reshe ɗaya a hannun hagu.

"An yi masa aski kaɗan, Baba. Ga su nan duk na kwaso, ko ganye ban bari ba. Ka yafe min. Na karanta cewa tsiro yana shan oksijin, na ga kana fama, sai na ce yana rage maka."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga. Ya tara numfashi, ya tara.

"Ke da… kike zaune… kin fi shi… sha min."

Mai furanni ne ya fara dariya, daga bakin ƙofa inda ya tsaya da hula a hannu. Ɗan ya bi, yana share ido da bayan hannu. Tela ta kifa fuska a gefen katifa, kafaɗunta suna girgiza, ita kanta ba ta san ko kuka take yi ko dariya ba. Da ta ɗago, Malam ya yi nuni da kofin shayi, ya karɓi cokali biyu.

Bayan mai furanni ya tafi da baronsa, ɗan ya zauna a ƙasa ya jingina da duron. Tela ta yi masa bayanin a hankali, yadda aka koya mata, tana nuna zarrar kabon da ke juyawa a saman kansu, jajayen maɓallai shida, baƙaƙe shida, farare shida a zobe biyu. Ya saurara kamar yaro. Ya ce shi duk rayuwarsa gudun darasin babansa yake yi, ko a teburin cin abinci ba a tsira ba.

"To ina Mama take a ciki?" ya tambaya.

"Daga nan," ta ce, ta ɗora hannu a gindin, "har zuwa wajen nan da ya rabu biyu. Tana da rai ya kai nan. Ai har da kai a ciki, duk hutun da ka zo. Har da ni. Amma ita ta fi kowa zama."

"Daga nan zuwa sama fa?"

Duka suka dubi gadon.

Rana ta karkata ta shigo sosai, ta bi ta cikin ganyayen ta zuba koren haske a kan bargo da fuskar tsohon. Ya juyar da kai har hancinsa ya kusa taɓa reshen da ya sauko. Duk numfashin da ya fitar, ganye ɗaya na ƙarshen reshen sai ya ɗan motsa, ya koma. Tela ta samu kanta tana kallon ganyen maimakon ƙirjinsa. Ɗakin ya yi shiru, sai sautin tulun oksijin da wata rediyo can ƙasa. Ta ji kamar Mama tana kujerar robarta tana tsefe zare, tana jiran ya gama abin da yake yi su tafi, kamar yadda takan jira shi ya gama da ɗalibai abinci yana hucewa. Ganyen ya motsa, ya daɗe, ya sake motsawa. Sai ya tsaya.

Sun jira. Ɗan ya miƙe a hankali ya riƙe hannun da ke riƙe da reshen.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Tela. Ta miƙa hannu ta rufe tulun oksijin, domin ita ce ta san inda ake murɗawa. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji, amma a ƙarƙashinsa akwai wani sanyi, na cewa bai tafi yana kallon kusurwa wayam ba.

Bayan an yi duk abin da ake yi, baƙi sun watse, ɗan ya kwashe kayan ɗakin don mai gida ya sami sabon ɗan haya. Littattafan ya ba wata makaranta. Da ya zo kan itacen ya tsaya yana sosa ƙeya, domin ba motar haya da za ta yarda da rabin duro.

"Anti, ki riƙe su," ya ce. Bai ce ki riƙe shi ba. Shi kuwa ya naɗe busassun rassan nan a tsohuwar rigar babansa ya sa a saman jaka.

Aka tsallaka da duron ƙofa ɗaya zuwa ɗaya, aka ajiye shi kusa da keken ɗinki, inda rana take shigowa da safe. Mijinta ya ce yanzu kuma a daji za su riƙa kwana, amma shi ne ya hau kujera ya rataye zarrorin maɓallin a silin, har yana tambaya wacce ke bin wacce. Tela ta ci gaba da karatu, jarrabawa tana matsowa. In ta yi kuskure a sunan wani sinadari takan ɗan dakata, kamar mai jiran a buga sanda a ƙasa.

Wata safiya tana zura zare a allura sai idonta ya kai kan reshen da ya sauko kan matashin Malam. A ƙarshensa wasu ganyaye biyu sun ɓullo, ƙanana, masu sheƙi, ko faɗin farcen jariri ba su kai ba. Ta ajiye zaren. Ta jiƙa gefen wani ƙyalle a kofin ruwanta, ta sunkuya ta goge su a hankali, ɗaya bayan ɗaya. A samanta 'yar autar zarra, jan maɓalli ɗaya da fari ɗaya, ta fara juyawa.